Kafin Ka Biya Kuɗin Gyara a Wurin Dila



Da aka nemi in yi magana a wannan taro, sai na ga gara in ba ku labarin abin da ya cinye mini albashin wata biyu, ko wani ya tsira da nasa.

A shekarar 2022 na sayi mota ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka. Ba a yi wata shida ba giya ta fara fizga. Na kai ta babban garejin wani dila. Bakaniken ya duba kwamfuta, ya ce ai kamfanin da ya ƙera motar ya san da wannan matsala, har ya fitar da takarda a kanta. Jin haka na saki jiki, na ce a gyara, a zatona kamfani ne zai biya. Ranar da na je ɗauka aka miƙo mini takardar kuɗi. Malaminmu na lissafi ya sha gaya mana mu karanta tambaya kafin mu amsa. Malam, ka gafarta mini, ban karanta ba.

Ashe takardun iri biyu ne. Ta farko sanarwa ce da kamfani ke aika wa kanikawan dilolinsa, yana bayyana musu matsalar da ake yawan kawowa da yadda za a gyara ta. Idan garantin motarka bai ƙare ba, kamfani ya biya. Idan ya ƙare, aljihunka ne, sai fa in kamfanin ya ƙara wa'adi a kan wannan ɓangaren. Nawa garantin ya ƙare tun motar tana can.

Ta biyu ita ce kiranye, wato a ce a dawo da motoci saboda lahanin da zai iya jawo haɗari. A dokar Amurka wannan gyara kyauta ne ga motar da ba ta wuce shekara 15 da sayarwar farko ba. Da shekara 10 ne, a 2015 aka ƙara. Amma dokar ta can ce, ba ta ɗaure dilan nan da bai sayar maka da motar ba.

Kada a ɗauki kiranye da wasa. Jakar iska ta kamfanin Takata, wadda ke buɗewa idan an yi karo, an yi wa kimanin miliyan 67 kiranye a Amurka. Sinadarin da ke hura ta yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da danshi, sai ta fashe ta watso ƙarfe a fuskar direba. Mutane fiye da 20 sun mutu a can, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Zafin ƙasarmu kuwa kowa ya san shi. Daren da na ji wannan na kasa barci, domin a motar nake kai yara makaranta, sai da na bincika na ga tawa ba ta ciki.

Binciken ba wuya. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. Hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, tana da shafin da za ka sa lambar ka ga ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Mai yin oda ya sa a gyara tun can kafin a ɗora ta a jirgi. Wanda kuma ya kai mota gareji, ya tambaya: wannan kiranye ne ko sanarwa, kuma wa zai biya? A rubuta masa kuɗin kafin a kwance ko ƙusa ɗaya.

Mai tambaya ba ya ɓata.