Sana'ar Kafinta a Kafanchan: Amana, Katako da Makomar Yaranmu

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata)

  

Da farko dai ina neman afuwar kafintocin da ke zaune a nan, domin ni ba kafinta ba ne, ɗan kasuwa ne. Amma shekara kusan talatin ke nan ina sayar da ƙusa da gam da samfefa da fenti da makullai, kusan duk abokan cinikina kafintoci ne. Mai zama kusa da maƙera kuwa ko bai iya ƙira ba ya san ƙarar uwar maƙera. Abin da na gani a wannan zama shi zan faɗa, in na yi kuskure ku gyara mini.

Tun kafin zuwan Turawa muna da masassaƙa, masu yin turmi da taɓarya da akushi da allo da kujerar zaman mata, kayan aikinsu gatari da gizago. Aikin kafinta na zarto da ƙusa da ma'auni kuwa jirgin ƙasa ne ya ƙarfafa shi a garin nan. A shekarar 1927 aka haɗa layin dogo da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna ta Kafanchan, da reshen da ya tafi Jos, sannan a 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo nan. Ma'aikatan reluwe da malaman ofis suka cika gari, kowa yana son tebur da kujera da ƙofa da taga, ga kuma katakon kudu yana zuwa a jirgi. Iyayenmu da yawa a hannun mutanen kudu suka koyi aikin, su kuma suka koya wa na bayansu. Sana'a ce mai asali, domin malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa Annabi Zakariyya kafinta ne, Annabi Nuhu kuma da hannunsa ya sassaƙa jirgi.

To, bari in ba ku labarin abin da ya same ni, don shi ya sa na karɓi wannan magana. Shekarun baya da zan aurar da 'yata ta fari, na ba wani kafinta aikin gado da wadirof da madubi. A tsakiyar damina ne, ana sauran wata biyu biki. Ya yi aiki, ya shafa mai, kaya suna ƙyalli, mata suka yi ta guɗa. Aka ɗauki amarya zuwa Kano. Hunturu na shigowa sai ga waya: ƙofar wadirof ta karkace ba ta rufuwa, allon gado ya tsage tun daga sama har ƙasa, haɗin ƙafafu ya saki. Kunyar da na ji a gaban surukai ta fi mini asarar kuɗin ciwo. Na je wa mutumin nan da faɗa, sai ya ce da ni, "Alhaji, kai ka ce lallai wata biyu, kuma kai ka ce in rage kuɗi." Wallahi gaskiya ya faɗa. Ɗanyen katako ya saya, ni kuma gaggawata da son araha suka tura shi. Laifinsa shi ne bai gaya mini ba tun farko.

Jama'a, ga abin da na fahimta daga baya. Itace yana shan ruwa yana kuma saki, ko bayan an sare shi. In iska ta yi laima sai ya kumbura, in ta bushe sai ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa ba ya canjawa sosai. Mu nan Kafanchan ruwa yakan fara tun watan Afrilu har Oktoba, laimarmu ta fi ta Kano da Katsina nesa. Don haka falankin da aka yanko jiya aka yi gado da shi yau, in ya haɗu da iskar hunturu dole ya motsa, ƙusa ba ta iya riƙe shi. Maganin abin shi ne a jera katako a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, a bar shi watanni. Tsofaffin kafintoci da ɗagawa kawai suke gane ɗanye, saboda nauyinsa da sanyinsa a hannu. Wanda ke da 'yar da zai aurar bayan damina, ya ba da aiki tun bazara.

Abu na biyu shi ne sanin irin itacen. Maɗaci ja ne, yana karɓar shafe, ya dace da gado da ƙofa. Loko, wanda mutanen kudu ke kira iroko, yana jure ruwa da gara. Kawo yana da nauyi da ƙarko. Ƙirya ta turmi ce da gawayin maƙera, tana cinye haƙoran zarto. Malaina fara ce, mara nauyi, mai sauƙin aiki da araha, tana yin benci da tebur in ta bushe sosai. Amma ko a itace mai kyau, farin gefen nan na kusa da ɓawo shi ƙwaro ke fara ci. In ka ga gari kamar na tuwo yana zuba a ƙarƙashin kujera, to an sa maka gefe ne aka rufe da fenti. Haka kuma katakon rufi, a shafa masa maganin gara kafin a ɗora kwano. Su kuma allunan MDF da suka cika kasuwa yanzu, garin katako ne aka matse da gam. Suna da kyan gani, amma ruwa ya taɓa su sun kumbura ke nan. Uwar ɗakin da ke wanke daɓe kullum ta san da wannan kafin ta zaɓa.

Abu na uku, haɗi. In za ka karɓi kujera, juya ta ka duba ƙarƙashinta. Kafintan kirki yakan fafe rami a ƙafa, ya feƙe bakin ɗaya katakon ya shiga ramin daidai, ya sa gam ya matse. Irin wannan haɗi jikoki ma sa gada. Mai gaggawa kuwa sai ya kara katako biyu ya buga ƙusa uku, ya lulluɓe da soso da yadi. Shi ya sa kushin ɗin zamani ke fara kuka kafin amarya ta haihu.

Yanzu sai in juyo kan amana, kuma a nan kowa yana da rabonsa. Mun sha jin an ce alkawarin kafinta sai a hankali. Ana karɓar kafin alƙalami a wurin mutum biyar, a yi aikin na farko da kuɗin na biyar. Mu masu ba da aiki kuma mukan karɓi kaya mu riƙe cikon kuɗi wata da watanni, alhali mutumin nan bashin ƙusa da gam yake ci a shaguna irin nawa. Malaman fiƙihu suna da babi a kan irin wannan ciniki na ba da aikin abin da ba a riga an ƙera ba, suna kiransa istisna'i, kuma sun ce a bayyana iri da girma da siffa da kuɗi tun farko. Me zai hana mu rubuta? Takarda guda: irin katako, tsawo da faɗi, ranar karɓa, abin da aka biya da abin da ya saura, da shaidu biyu. Rabin shari'o'in da ake kai wa masu unguwa da sun mutu a nan.

Sai maganar daji. Allah ya albarkaci ƙasar nan da itatuwa, ga dajin Nimbiya a kan hanyar Jos inda aka fara dashen itacen tik tun 1957. Amma duk wanda ke sayen katako ya san falanki mai faɗin inci goma sha biyu na itace mai kyau yana wuyar samu yanzu, saboda ana sare itatuwa tun ba su ƙosa ba. Ku dubi abin da ya sami maɗobiya. 'Yan shekaru kaɗan aka yi ana lodinta zuwa ƙasar Sin daga Taraba da Kogi da wasu jihohi, har sai da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a 2016, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Ranar da babu itace babu kafinta, babu mai sayar da ƙusa. Wanda ke da gona ya dasa malaina ko tik a kan iyaka, ko layi ɗaya ne.

Daga ƙarshe, yaranmu. Yaro yakan ga acaba tana kawo kuɗi yau-yau, koyon kafinta kuwa shekara uku ko huɗu ne na share wurin aiki da goga samfefa. Amma babur yana tsufa, sana'ar hannu kuwa ƙaruwa take yi da shekaru. Kuma aikin yanzu yana son ilmi: karanta ma'auni, lissafin katako, zana abin da mai kaya ke so. Ga hukumar ITF da aka kafa a 1971, hedkwatarta nan kusa da mu a Jos, ga NDE mai shirin koyon sana'a, ga jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago mai mataki uku. Da wannan takarda yaro zai iya neman aikin bencinan makaranta da kansa, maimakon ya yi wa ɗan kwangila aiki a ba shi ladan gaɓe. Ku iyayen gida kuma ku ji tsoron Allah a kan yaran mutane: kada yaro sabon shiga ya taɓa injin tsaga katako, a rufe hanci saboda ƙura, a bar su su je Islamiyya da yamma.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku. Na ɗaya, a buga takardar yarjejeniya guda wadda kowa zai yi amfani da ita. Na biyu, kowace unguwa ta kawo sunayen yara, marayu a gaba, ƙungiya ta kai su wurin amintattun kafintoci, ranar yaye kuma a saya musu zarto da guduma da ma'auni. Na uku, kafintocinmu su haɗa adashi su sayi injin gyaran katako na haɗin gwiwa da rumfar shanya, domin tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin janareta ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ni a nawa ɓangaren na ɗauki nauyin kayan aikin yara biyu na farko, in Allah ya yarda.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da garinmu da maƙwabtanmu lafiya.