Fito huɗu a bakin Kogin Haɗejia

 Yau wasa ƙwaƙwalwa za mu yi, amma sai mun biya ta Ingila kafin mu sauka bakin kogi.

Kun san wasan nan na jaridu mai akwatuna farare da baƙaƙe, wanda ake ba ka tambaya ka cike amsar harafi-harafi? Jaridar New York World ta Amurka ce ta fara buga shi a Disambar 1913. Da ya isa Ingila sai aka mai da tambayoyin kacici-kacici zalla. Edward Powys Mathers, wanda ya riƙa shirya wa jaridar Observer wasan daga 1926, yana cikin waɗanda suka kafa wannan salo.

Ɗaya daga cikin tarkunansu shi ne kalmomi biyu masu sauti ɗaya amma rubutu daban. Misali, fure a Turanci "flower" ne, fulawa kuma "flour", a kunne duk ɗaya. Sai mai tambaya ya ambaci fure alhali fulawa ce amsar. To amma akwai ƙa'ida, bai isa ya yaudare ka kai tsaye ba. Dole ya ba ka ma'anar amsar ta gaskiya, sannan ya sa wata 'yar kalma mai nuni, irin su "mun ji", ko "an ce", ko "a rediyo". Da ka gan ta, ka san ana nufin ka furta kalmar ka saurari kanka. Ni wannan adalcin ne ya fi burge ni a wasan. Da Bahaushe ne ya ƙirƙiro shi, da "wai" kawai zai sa, magana ta ƙare.

Yanzu mu dawo gida, domin mu abin namu a juye yake. Su kunne ne ke haɗa kalmomin, ido ya raba. Mu ido ne ke haɗawa, kunne ya raba.

Ku ɗauki fito. In damina ta yi nisa, kogi ya cika ya malale fadama, hanyoyi suka yanke a wasu ƙauyukan Auyo da Guri da Kirikasamma, ba mai zuwa kasuwar Haɗejia sai da fito, wato a tsallakar da kai a kwalekwale ka biya. Wannan fiton murya ta fara sama ne ta sauko. In ka ja wasalin farko, ya zama fiton da yaro ke yi da baki. In ka bar muryar a sama duka, ya zama wane ya fito daga ɗaki. In kuma ka fara ƙasa ka hau, to ka shiga mashaya, don akwai giyar dawa mai wannan suna. Wannan dai a ƙamus za mu bar shi. Wanda ya saurare ni ya ji kalmomi huɗu. Kai da kake karantawa a waya kuwa, kalma ɗaya ka gani. Ka ga inda gizo ke saƙar?

Haka gorar da masunci ke kwanciya a kai yana yawo a ruwa, da gorar da makiyayi ke riƙewa. Haka garin da ake zama da garin da ake tuwo. Wuya, gado, fara, kowa ya ƙaro nasa.

Dalili shi ne rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna tsawon wasali. Ajami ya fi shi a nan da taki ɗaya, don yana nuna dogon wasali, ko da yake shi ma bai kama karin sauti ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya sa alamomin, amma rubutun yau da kullum bai ɗauka ba. Ni ban ɗauki wannan aibi ba, jumla kan warware kusan komai. Wanda nake ƙorafi a kai shi ne jefar da lanƙwasa da muke yi a waya, har baki da baƙi su zama ɗaya, kafa da ƙafa su zama ɗaya. Wannan ragwanci ne, kuma yana ɓata wasan, don mai warwarewa ba zai san wanne ne tarko wanne ne kuskure ba.

To in za mu yi namu wasan, kalmar nuninmu ba "mun ji" ba ce. Za mu ce "a takarda", ko "in ji alƙalami". Ga gwaji: hawaye a cikin miya, in ji alƙalami, harafi 4. Kuka, ko ba haka ba?

Ga na biyu, wannan ba zan faɗa ba: masunci ya juya gida da abin kamun kifinsa, in ji alƙalami, harafi 4. 'Yan bakin kogi, kada ku bari 'yan Kano su riga ku. Amsa sai shiri na gaba, mu kwana lafiya.