Wa'azi A Kan Masu Sayar Da Ruwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Annabinsa. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai, ku sani sayar da ruwa ba haramun ba ne. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Muhtasar na Shehu Halilu, sun yarda wanda ya mallaki rijiya ko tafki cikin ƙasarsa ya sayar da ruwansa. Amma sun togace mutum guda: wanda ake tsoron ƙishirwa ta halaka shi, ba shi kuwa da abin biya. Wannan, ba shi ruwa wajibi ne.

To, ga abin da ya tara mu. A garuruwan da famfo ya ƙafe, ruwa ya koma hannun masu rijiyar burtsatse da masu ruwan leda, 'yan garuwa suna tura kura ƙofa ƙofa. Waɗansu masu wannan sana'a sukan kafa famfo a ƙofar masallaci da sunan sadaka, su rubuta sunansu da manyan baƙaƙe. Madalla. Amma in bazara ta yi sai su ninka kuɗin jarka, ko su ɗura ruwan da ba a tace ba, yara su kamu da amai da gudawa. Wallahi kyautar famfo ba ta wanke wannan. Sadaka nafila ce, barin algus farilla ne, ba a kuwa biyan farilla da nafila.

Ku ɗauki izina da birnin Kwacabamba na ƙasar Bolibiya. A shekarar 1999 hukuma ta danƙa ruwan garin ga wani kamfani, ya ɗaga kuɗi har talaka ya kasa. Jama'a suka fito, aka harbe wani yaro mai shekara 17, cikin Afrilu 2000 aka warware yarjejeniyar. Kamfanin ya rasa ciniki, ya rasa mutunci.

Ku dubi kuma Sayyidina Usmanu ɗan Affana. A Madina akwai rijiyar Ruma, ana sayar da ruwanta. Ya saye ta da dukiyarsa, ya yi wakafinta ga Musulmi. Ba mu ce kowa ya zama Usmanu ba. Abu uku muke nema ga mai sayarwa: ruwa mai tsabta, mudu cikakke bisa kuɗin da bai bi matsuwar mutane ba, da sassauci ga wanda ba shi da ko anini.

Ya ku malamai, in attajiri ya kawo muku famfo, ku gode, sa'an nan ku tambaye shi nawa yake sayar wa maƙwabtanku jarka. Kada kyauta ta ɗaure muku baki.

Allah ya shayar da mu daga tafkin Annabinsa. Amin. Wassalamu.