Yisti Da Girman 'Ya'yan Aladu Bayan Yaye

Jawabi ga masu kiwon aladu na ikilisiyoyinmu



A gidaje da yawa alade ne kuɗin makarantar yara, shi ne kuɗin taki da na asibiti. Uwa tana ɗaukar ciki wata 3 da sati 3 da kwana 3, ku yi ta ciyar da ita, ta haifi 'ya'ya 8 ko 10. Sai bayan yaye biyu ko uku su mutu, sauran su tsumbure. Wanda ya tsumbure kuwa ba ya kawo kuɗin kirki, ko an kai shi kasuwar Katsit ta Kafanchan.

Me ke jawo haka? Ranar da aka yaye ɗan alade, ya rabu da uwa da nono a lokaci ɗaya. Hanjinsa bai saba da masara da dusa ba. Yakan ƙi ci kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan yunwa ta sa ya cika ciki. Abincin da bai narke ba shi ke ciyar da miyagun ƙwayoyin cuta, sai zawo ya biyo baya. Sati 2 na farko su ne masu hatsari.

A dā manyan gonaki sukan zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin abinci kullum domin dabba ta yi saurin girma. Tarayyar Turai ta hana wannan a 2006, domin ƙwayoyin suna sabawa da magani har ya daina aiki, ga dabba da mutum. Shi ya sa aka ƙara mai da hankali ga yisti.

Yisti ɗin nan iri ɗaya ne da wanda ke kumbura burodi, amma an shirya shi domin dabbobi. Bawonsa yana kama waɗansu miyagun ƙwayoyin cuta, su fita tare da kashi kafin su manne a hanji. Yana ƙarfafa garkuwar jiki, yana kuma da bitamin B. A gwaje-gwaje da dama zawo ya ragu, 'yan aladu sun ƙara ci da nauyi. A waɗansu kuwa bambancin kaɗan ne. Saboda haka yisti mataimaki ne, kada ku ɗauke shi magani. Ba ya warkar da zazzaɓin aladu na Afirka, ba ya kashe tsutsar ciki.

In za ku gwada, ku saya a wurin likitan dabbobi, ku duba ranar lalacewa, ku bi awon da ke jikin leda. Kada ku zuba shi cikin abinci mai zafi, gama zafi yana kashe yisti mai rai. Dusar burukutu kuma ba ta maye gurbinsa: ta yi wa hanjin ƙanana kaushi, tana saurin yin fumfuna. Ku bar ta wa manya.

Kafin ku kashe kuɗi a kan yisti, ku yi waɗannan. Ku fara koya wa 'yan aladu cin gari mai laushi da waken suya gasasshe tun suna sati 2. Kada ku yaye su kafin sati 6. Ku fitar da uwar, ku bar 'ya'yan a ɗakin da suka saba. Ku ba su abinci kaɗan-kaɗan sau 4 a rana, da ruwa mai tsabta kullum. Ku share ɗakin, ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa, musamman da hunturu. In zawo ya fara, ku ba su ruwan gishiri da sukari, ku kira likita.

Wanda ke son ya tabbata, ya raba 'ya'yan uwa ɗaya gida biyu. Ya ba rabi yisti, ya auna su duka a sikeli kowane sati har wata guda, ya rubuta. In ƙarin nauyin bai biya kuɗin yisti ba, ya bari. Ku kawo sakamakon a taron zumunta domin maƙwabta su ƙaru.

Allah ya ba mu amanar dabbobin nan. Shi ya sa albarka ga aikin hannuwanku. Amin.