Wasan "Kowa": daga Delft zuwa Washinton

Shugaba ya ce minti goma gare ni, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Wasan da na zo da shi sunansa Elckerlijc, wato "Kowa" a harshen mutanen Holan. An buga shi a birnin Delft wajen 1495. Labarin gajere ne. Allah ya aiko Mutuwa ta kira Kowa ya zo a yi masa hisabi, shi kuma ya shiga neman ɗan rakiya. Aboki ya zille, dangi suka kawo uzuri, Dukiya ta yi masa dariya. Aikin Alheri kaɗai ya bi shi kabari. Duk wanda ya yi makarantar Islamiyya a nan, na san ya tuna hadisin abubuwa uku da ke raka mamaci, biyu su juyo, ɗaya ya zauna.

Turawan Ingila suka fassara shi da sunan Everyman, har aka daɗe ana gardamar wane ne na asali, kafin masana su tsaya a kan na Holan. William Poel ya farfaɗo da shi a Landan a 1901. Hugo von Hofmannsthal ya yi na Jamusanci, Jedermann, wanda tun 1920 ake nunawa a dandalin babban cocin Salzburg. Daga wannan ne Ulli Beier da Duro Ladipo suka kai shi Oshogbo a shekarun 1960, ya zama Eda. Can Olodumare ne ke aiko Iku.

To, sai nan garin da muke. Branden Jacobs-Jenkins, haifaffen Washinton, ya rubuta nasa, Everybody, a 2017, kuma Shakespeare Theatre Company ya nuna shi a zauren Lansburgh a 2019. Dabararsa ita ce ta fi burge ni: 'yan wasa biyar kowanne ya haddace rawar sauran, sai a jefa ƙuri'a a gaban 'yan kallo don a ga wa zai mutu a daren. Hanyoyin rabon 120 ne. Ku 'yan lissafi sai ku tabbatar mana.

Abin da nake roƙo shi ne mu yi namu da Hausa a taron baɗi. Amma fa akwai wurin da za mu yi gumi. A na asali, Kowa yana zuwa ya furta zunubansa bisa tsarin Katolika, ya karɓi jibin ƙarshe daga hannun fada. A ganina kada mu kwafe wannan, kada kuma mu share shi kurum, domin nan ne wasan ke juyawa. Sai mun zauna, Musulminmu da Kiristanmu, mun yanke yadda Bahaushen Kowa zai tuba a kan dandamali. Haka kuma ba za mu sa wani ya fito a matsayin Ubangiji ba. Saƙon ya isa a bakin Mutuwa.

Ina neman mutum biyar masu ƙarfin hadda. Takarda na wajen sakatariya.