Jawabi a kan abinci: masu aikin da ke cikin hanjinmu

 

Yau zancen ciki ya tara mu. Kowa ya san yadda madara ke kwana ta zama nono. Wasu ƙananan halittu ne ke wannan aiki, ido ba ya ganinsu. Sunansu bakteriya. To, irinsu na nan cikin babban hanjin kowane mutum, miliyoyi bisa miliyoyi. Wasu na kawo cuta, amma mafi yawansu masu taimakonmu ne.

Mi suke ci? Suna cin zaren abinci. Shi ne irin wanda ke cikin dussar hatsi, da ɓawon wake, da ganye. Tumbi ba ya narkar da shi, ƙaramin hanji ma haka. Sai ya wuce babban hanji, bakteriya su tsamar da shi. Daga nan ruwan tsami iri uku ke fitowa. Ɗaya cikinsu, butirat, shi ne babban abincin bangon hanji. In bangon ya ƙoshi, yana tare cuta. Tusar da ke biyo bayan cin wake, alamar wannan aiki ce. Ba cuta ba ce.

Wajen 1970, wani lokotoro mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki ƙasar Uganda, ya lura da wani abu. Mutanen ƙauye masu cin hatsi da ganye ba su cika taurin bayan gida da kansar hanji kamar Turawa ba. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce babba ya ci aƙalla giram 25 na zaren abinci kullum. Giram 100 na busasshen wake na da wajen giram 10.

Ga inda matsala take. Yanzu mun karkata ga farar shinkafa, da burodi, da makaroni, da sukari. Zarensu kaɗan ne. Masu aikinmu sai su zauna da yunwa. Bayan gida ya yi tauri, basir ya samu hanya, ciwon sukari ya matso.

Mi za mu yi?

Iyaye mata, in kuna surfe, kada ku fidda dussa duka. In an dafa shinkafa, a sa mata wake. Kada a raina miyar kuka, da kuɓewa, da sure, da kwaɗon zogale. A ci goriba da magariya. A ƙara sannu-sannu don kada ciki ya kumbura, kuma a sha ruwa mai tsabta da yawa. Yaron da ake yaye, kada a cika mishi dussa, cikinsa ƙarami ne. A ba shi kunu mai ƙuli-ƙuli ko madara.

Magana ta ƙarshe: ku bar sayen kafso a kasuwa in ba likita ya rubuta ba. Yana kashe mugun bakteriya, yana kashe na kirki.

Wanda ya ji ya gaya ma wanda bai zo ba. Allah ya ba mu lafiya.