Tukunyar lakwal: wa zai biya, wa zai saida hatsi?

 

Magabata sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya fito gida da sanyin safiya bai ko kurɓi koko ba, kafin rana ta take hankalinsa ya bar allo ya koma ga cikinsa. Shi ya sa kantin, wato ciyar da ɗalibai kyauta a lakwal, ke riƙe ɗan makiyayi cikin aji, ta kuma sa uwa ta haƙura da tallar ɗiyarta. Wannan duk mun yarda da shi. Abin tattaunawarmu yau shi ne aljihun da kuɗin zai fito, da rumbun da za a auno hatsin.

Mu dubi ƙasar Barazil, wadda ke ciyar da ɗalibai wajen miliyan 40. Ta soma shirin a 1955, da taimakon cimaka daga waje. Kundin tsarin mulkinta na 1988 ya maida abincin ɗalibi hakki bisa wuyan gwamnati. A 1994 aka miƙa kuɗin ga jahohi da gundumomi, kowa ya yi cefanensa kusa da gida. A 2009 doka ta tilasta a kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin wajen ƙananan manoma, kai tsaye, a 2025 kuma aka ɗaga kason zuwa 45. Kowace gunduma tana da kwamitin sa ido, wanda iyaye da malamai ke ciki, kuma gundumar da ba ta kafa shi ba ana iya tsaida mata kuɗi.

Maganar ba baƙuwa ba ce gare mu. A birnin Yamai aka yi bikin farko na Ranar Ciyar da Ɗalibai ta Afirka, ran 1 ga Maris 2016, bayan shugabannin Tarayyar Afirka sun tsaida ranar. Amma shekara da shekaru kantin ɗinmu sun jingina ga abokan tallafi, musamman hukumar PAM. Muna godiya gare su. Sai dai kyauta tana da ranar yankewa, kuma ran da ta yanke, tukunya ce ke fara sauka, ɗalibai su bi bayanta.

Kuɗin gwamnati ma ba ya wadatarwa in babu tsaro. Maƙwabciyarmu Nijeriya ta buɗe nata shirin a 2016, amma a watan Janairu na 2024 aka dakatar da shi tare da sauran ayyukan hukumar da ke riƙe da shi, saboda zargin almundahana. Manya suka shiga bincike, yara suka rasa abincin rana.

Saboda haka abu uku nake kira a kai. Na farko, a rubuta ciyar da ɗalibai cikin doka, da kasonta cikin kasafin ƙasa, yadda canjin gwamnati ba zai kashe wutar murhu ba. Na biyu, a sayi hatsi da wake a ƙasar da lakwal ɗin take. Komawa karatu na dacewa da kaka, lokacin da manomin Maraɗi ko Damagaram ke karyar da amfaninsa da araha, ya dawo ya saye shi da tsada in damina ta faɗi. Ciniki tabbatacce da lakwal zai rage masa wannan asara. Na uku, a ba iyaye ikon ƙirga buhuna da duba takardu.

Alhazai, kuna da rabo halal a ciki: jigila, ajiya, mai da gishiri. Amma buhun da aka rage wa tiya guda, cikin yaro aka rage. Ku kuma ma'aikata, takardar biya da ta kwana wata shida bisa tebur ta isa ta kori manomi daga shirin har abada, don ba ya da jarin jira.

Duk mai neman shugabanci da ya zo muku da alkawarin abinci kyauta, ku tambaye shi layin kasafin da kuɗin yake, da kasuwar da za a auno hatsin.  Allah ya ba mu damina mai albarka.